Damo Sarkin Haƙuri da Ciwon Bakinsa

 Waɗanda suka saba jinmu a shirinmu na lafiyar dabbobi muna zancen shanu da tumaki da kaji, yau sai su gyara zama, domin baƙon da muka kawo ba ya cara, ba a tatsarsa, ba a kuma layya da shi. Damo ne, da ɗan'uwansa guza.

Na san wani zai yi dariya ya ce, to yanzu har damo ake kaiwa asibiti? A wajenmu damo nama ne in mafarauci ya haƙo shi daga rami, fatarsa kuma ta nufi wajen dukawa. Amma a Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da ke ajiye shi a ɗaki kamar yadda muke ajiye kyanwa ko tattabaru, su raɗa masa suna, su kashe masa kuɗin da ya fi na rago. Abin da zai ba ku mamaki, yawancin damon da ke can daga yankinmu ya tafi. Ƙasashen Gana da Togo da Jamhuriyar Benin su ne manyan masu fitar da shi. Ana kama matan da ke ɗauke da ƙwai, a jira su saka, a ƙyanƙyashe, sannan a loda 'ya'yan a jirgi, dubbai a kowace shekara. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a birnin Washintan a 1973, wadda ta ce sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da irin waɗannan dabbobi. Mu ma nan gida akwai su a gidajen namun daji, ga kuma ɗai-ɗaikun matasa da suka ga abin a waya suka ce su ma sai sun gwada.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan matasa shi ya sa na zaɓi wannan batu. Wani hunturu da ya wuce, ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara goma sha shida, ya sayi damo a hannun wani mafarauci, ya sa shi a tsohon kejin zomo mai ragar waya, ya ajiye a zaure kan siminti. Bayan wajen wata guda ya same ni da yamma, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, damona ya daina cin abinci, kwana tara ke nan.” Na bi shi na duba. Damon yana kwance lamo a kusurwa, ido rabi a rufe. Kan hancinsa ya goge ya yi ja, wani yawu mai kauri yana zarara daga gefen bakinsa, ƙasa ta manne a leɓensa. Na kai hannu kusa, ko bulalar nan ta wutsiya da aka san shi da ita bai yi ba.

Washegari muka kai shi wajen likitan dabbobi. Likitan ya naɗe shi da tawul, ya sa yaron ya riƙe ƙugu da wutsiya, ya ɗauko wani ɗan faifan roba mai laushi ya zura a gefen baki a hankali har damon ya buɗe. Ya haska tocila ya ce mu leƙa. Dasashin cike yake da ɗige-ɗigen ja kamar an tsattsoka masa allura. A gindin haƙoran gefen hagu kuma ga wasu dunƙule-dunƙule masu launin ɗorawa, kamar an marmasa awara an cusa masa. Warin da ya fito sai da na kau da kai. Na zaci likitan zai fara lissafa magunguna. Sai ya dubi yaron ya ce, “Samari, a ina yake kwana?”

Wannan tambaya ita ce rabin maganin, kuma a kanta zan fi daɗewa yau.

Ciwon da muka gani shi ne wanda masu kiwon irin waɗannan dabbobi ke kira ruɓewar baki. Yana kama macizai da ƙadangaru da kunkuru. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa shi, irin su Pseudomonas da Aeromonas da Klebsiella, ba daga wata duniya suke zuwa ba. Da yawansu suna nan a bakin lafiyayyen damo, da cikin kwanon ruwansa, da ƙasar da yake kwance a kai. Muddin jikinsa na da ƙarfi, ba su iya yi masa komai. Sai ran da garkuwar jiki ta yi rauni, aka kuma samu ɗan rauni a baki da za su bi su shiga. Wato ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: ciwon a baki ake ganinsa, amma a keji aka haife shi.

Babban abin da ke karya garkuwar damo shi ne sanyi. Ni da kai jikinmu yana haɗa zafinsa da kansa, ko ana hunturu ko ana bazara yana nan wajen digiri 37. Damo ba haka yake ba, zafinsa na aro ne, daga rana da ƙasa yake samu. Shi ya sa kake ganinsa da hantsi ya baje a kan dutse ko suri. Ba lalaci ba ne, da wannan zafin yake narkar da abinci, da shi kuma jininsa ke yaƙar cuta. Wani masani a Amurka mai suna Matthew Kluger ya gwada wannan shi da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon a 1975. Sun sa wa wasu ƙadangarun hamada ƙwayar Aeromonas, suka raba su ɗakuna masu bambancin zafi. Waɗanda aka ajiye a ɗumi sosai yawancinsu suka rayu, waɗanda aka bari a wuri mai sanyi-sanyi yawancinsu suka mutu. Sun kuma lura cewa in aka ba ƙadangare marar lafiya zaɓi, da kansa yake komawa wuri mafi zafi, ya haɗa wa kansa zazzaɓi. To ka dubi damon da aka ɗora kan siminti a zaure cikin watan Janairu, iskar hunturu na ratsa raga, babu rana, babu rami. A daji da ya shige can ƙarƙashin ƙasa ya lafe, inda akwai ɗumi da laima, har damina ta kawo kai. A keji ina zai je?

Na biyu shi ne rauni. Damon da aka kamo daga daji bai san raga ba, bai san gilashi ba. Yana hango waje, sai ya yi ta goga hanci yana neman mafita, dare da rana, har fatar ta sale. Nan ƙofar cuta ta buɗe. Wasu kuma suna jefa masa ɓera da rai don su sha kallo, ɓeran ya juyo ya cije shi a leɓe. Wani lokacin guntun ƙashi ne ko tsinke ya maƙale a dasashi.

Na uku abinci. Daniel Bennett, wani Bature ɗan Ingila da ya bi damo a dazukan Gana yana nazarin rayuwarsa, ya tarar cewa abincinsa na ainihi ƙwari ne: gyare, fara, ƙadandoniya, kunama, buzuzu da tsutsotsinsa, da dodon koɗi. In ka duba haƙoran babban damo na can ciki za ka ga dakusassu ne, don fasa ƙoƙon dodon koɗi aka yi su. Amma mai kiwo sai ya yi ta ɗura masa tsokar nama da ɓeraye da guntun kifi. Ya yi teɓa, hanta ta cika da kitse, mai shi yana murna wai yana ƙiba. Tsokar nama zalla ba ta da sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi. In aka haɗa da rashin hasken rana, sai muƙamuƙi ya yi laushi, leɓe ya daina rufuwa daidai, dasashi ya bushe ya tsage. A nan ku riƙe wani abu: ranar da ta ratso gilashin taga ba ta biyan wannan buƙata, domin gilashi yana tare ɓangaren hasken da jiki ke buƙata. Ƙarancin bitamin A shi ma yana raunana fatar cikin baki. Sai ƙazantar keji da ruwan sha da ya kwana uku, da kaska da tsutsar ciki da yawancin kamun daji ke zuwa da su.

Yaya za ka gane ciwon tun da wuri? Nan ne wahalar take, domin ba banza Bahaushe ya kira shi sarkin haƙuri ba. Akuya in ba ta da lafiya unguwa za ta ji. Damo shiru zai yi, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Saboda haka ido za ka sa. Lafiyayyen damo yana yawan zaro harshensa mai baki biyu, da shi yake shinshinar duniya. In ka ga ya rage, ka lura. In ya nufi abinci ya kama ya saki, ko ya ƙi gaba ɗaya, ka lura. Yawu mai kauri, ƙasa ko ɓawo da ke manne a leɓe, baki da ba ya rufuwa ruf, gefe ɗaya na fuska ya fi ɗaya kumburi, duk alamu ne. Da farko ɗigon ja ne kawai a dasashi, kuma a wannan mataki abin bai da wuyar sha'ani. In aka bari, mugunya ta taru, haƙora su fara girgiɗi, cutar ta ci ta kai ƙashin muƙamuƙi. Daga nan tana iya gangarawa huhu, domin ƙofar numfashinsa a ƙasan baki take, duk abin da ya taru a wurin yana iya shaƙarsa. In ka ji yana numfashi da baki buɗe, ko kumfa na fita ta hanci, to abin ya yi nisa, kada a kwana. Ƙarshenta ta shiga jini.

Akwai wani abu game da mugunyar waɗannan dabbobi da ya kamata kowa ya sani. Ta mutum ruwa-ruwa ce, in maruru ya nuna ka matsa ta fito. Ta damo daskararriya ce, saboda fararen ƙwayoyin jininsa ba su da isasshen sinadarin da ke narkar da ita. Ba ta fashewa, ba ta tsiyayewa, kuma magani ba ya ratsa ta ya kai ga ƙwayoyin da ke ɓoye ciki. Dole sai an kankare ta. Wannan kuwa aikin likita ne. Na tsaya na ga yadda ya yi wa na yaron nan: ya ba shi maganin da ya sa shi barci, ya riƙa ɗebe dunƙulen da ɗan hantsaki da auduga, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga nama mai jini. Haƙora biyu suka biyo auduga. Yaron ya ɓata fuska, likitan ya ce ya kwantar da hankalinsa, damo yana sauya haƙora duk tsawon rayuwarsa, muddin ƙashin bai lalace ba wasu za su tsiro.

Likita mai kayan aiki zai ɗebi kaɗan daga mugunyar ya aika ɗakin gwaji, a gano wace ƙwaya ce kuma wane magani ne ke kashe ta. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, domin Pseudomonas ta yi ƙaurin suna wajen bijire wa magunguna. In fuska ta kumbura zai ɗauki hoton ƙashi ya ga ko cutar ta kai can. Sannan ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi allura, irin su seftazidim ko enrofuloksasin, wani lokacin a haɗa da metronidazol, da maganin rage zafin ciwo. Da gangan ba zan faɗi adadi a rediyo ba. Jikin damo a hankali yake sarrafa magani, har akwai allurar da sai bayan kwana uku ake maimaita ta, wadda in mutum ne sau biyu ko uku zai karɓa a yini. Wanda ya auna masa da mudun akuya zai kashe shi. Ina kuma jan kunne musamman a kan jentamaisin da ke cike a shagunan magani, kowa na saye ba takarda. Ita da danginta suna lalata ƙoda, balle a jikin dabbar da ta kwana tara ba ci ba sha. Shi ya sa likita kan fara da ƙarin ruwa kafin ya taɓa irin waɗannan.

Abin da ya rage na gida ne, kuma shi ne mai cin lokaci. Kullum za a wanke bakin, sau ɗaya ko sau biyu, yadda likita ya nuna. Ana amfani da ruwan kulohekzidin da aka tsarma ƙwarai, ko ruwan aidin irin na Betadine da aka sirka da ruwa mai tsabta har launinsa ya koma kamar shayin da bai ji ganye ba. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. A naɗe shi da tawul saboda farce da wutsiya. A sunkuyar da kansa ƙasa domin ruwan ya zubo waje, kada ya bi ƙofar numfashi. A jiƙa auduga a goga a hankali, ko a fesa da sirinji marar allura ta gefe. Kada a ɓamɓare bakin da cokali ko sukundireba, za ka karya haƙori ka ƙara masa wani raunin. In ya ƙi buɗewa, a ɗan ja fatar ƙasan haɓarsa a hankali, ko a jira ya buɗe don fushi a sa faifan roba.

Na san halinmu, kowa likita ne. Kafin mu kai na yaron nan asibiti, shawarar da ba a ba shi ba kaɗan ce. Wani ya ce gishiri da kanwa, wani ya ce baƙin mai, wata tsohuwa ta ce a fasa kafso ja-da-rawaya a barbaɗa. Wani ma cewa ya yi a ɗiga Dettol. Jama'a, fatar cikin baki ba fatar ƙafa ba ce. Waɗannan abubuwa ƙone ta suke yi, abin da ya haɗiye kuma ya zame masa guba. Haka nan kada a yi ta ɗura masa bitamin A don an ji na ambace shi, yawansa ma cuta ne, yana sa fata ta kumbura ta sale.

Sai gyaran makwanci, wanda in ba a yi shi ba, allura ko ta kai ɗari ciwon zai dawo. A samar masa wuri ɗaya mai zafi sosai da zai kwanta ya gasa jikinsa. Gogaggun masu kiwon damo suna kai zafin saman dutsen da yake kwanciya digiri 50 ko sama da haka, sauran ɗakin kuma wajen 28 zuwa 32, da wani ɓangare mai inuwa da zai koma in ya ƙoshi. Da dare kada ya sauka ƙasa da 24, musamman ga marar lafiya. Mu Allah ya hore mana rana, Bature kuwa sai ya sayi fitila ta musamman. Amma ranar ma da sharaɗi: kada a ajiye keji a tsakar rana babu mafaka, minti kaɗan ya isa ya hallaka shi. Shi zai zaɓi lokacin shiga da na fita. In fitila za a sa, a kare ta yadda ba zai taɓa ta ya ƙone ba, a kuma sayi ma'aunin zafi, kada a dogara da tafin hannu. Lokacin jinya a shimfiɗa masa takarda mai tsabta maimakon yashi, a riƙa sauyawa kullum, don kada ƙasa ta shiga miki. In ya warke sai a mayar masa da ƙasa mai zurfi da zai haƙa rami. Babban damo yana buƙatar wuri kamar ƙafa 8 a tsawo da 4 a faɗi. Guza kuwa, da ke iya kai mita 2 ga zafin rai, ga buƙatar ruwan iyo, gaskiya ban ga gidan haya da zai ɗauke shi ba. A rufe ƙasan ragar da katako ko tabarma yadda ba zai riƙa hango waje yana goga hanci ba, a ba shi maɓuya, a kuma hana yara taruwa a kansa suna tsokanarsa da kara. In su biyu ne a keji, a raba su, kowa da kwanonsa.

Abinci a lokacin jinya mai laushi ake so: gyare, fara da aka cire wa ƙafafu, tsutsa, naman dodon koɗi ba ƙoƙo. A kula da inda aka kamo ƙwarin, kada ya zama gonar da aka yi wa feshi. In ya daɗe bai ci ba likita zai nuna yadda ake ba shi abinci mai ruwa ta siririn bututu. Kada ka gwada ɗura da kanka ba a koya maka ba, kuskure kaɗan sai ya tafi huhu.

Kai ma mai jinyar ka kiyaye kanka. Damo da guza da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar Salmonella a cikinsu ko da lafiyarsu ƙalau, ita kuwa tana sa wa mutum gudawa da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi. Ka sa safar hannu, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, kada kwanonsa ya haɗu da kwanukan gida wajen wanke-wanke. In ya cije ka, kada ka fizge, haƙoransa za su yage naman. In ya saki, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa ka tafi asibiti.

Wani zai ce ina zan samu likitan damo? Gaskiya yawancin likitocinmu sun fi gogewa a kan dabbobin gona. Amma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a fara tambaya, haka ma likitocin da ke kula da gidajen namun daji. In za ka je, ka sa shi a buhun yadi ko kwali mai huji, ka kare shi daga iska. Ka ɗauki hoton kejinsa a waya, ka tuna ranar da ya ci abinci na ƙarshe da abin da ya ci, kuma in ka riga ka ba shi wani abu a gida ka faɗa, kada ka ɓoye don kunya.

Ciwon da aka kama da wuri kan lafa cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ya taɓa ƙashi yana iya cin watanni, wani lokacin har da tiyata, kuma ba kowane ke tashi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ya fara motsi a ce ya warke, a watsar da sauran allurai.

Na yaron nan mako biyar muka yi. Ya roƙi mahaifinsa wani lungu a bayan gida inda hantsi ke sauka, ya kewaye da bulo, ya zuba jar ƙasa, ya kafa faffaɗan dutse a tsakiya. Da dare yakan mayar da shi akwatin katako a ɗaki. Ran nan da safe ina shirin fita ya tare ni a ƙofa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Baba, zo ka gani.” Damon yana kan dutse, harshe na fita yana komawa. Yaron ya ajiye masa gyare guda. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cafke, ya ɗaga kai ya haɗiye. Tabon hancin dai yana nan har yau, fari fat.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma garke mu duba ciwon kofato da ke damun tumaki da damina.